Matsayin Gira da Kai a Nahawun Maganar Kurame

Bahaushe yakan mayar da "Audu ya zo" tambaya ba tare da ƙara kalma ba. Murya kawai zai ɗaga a ƙarshe. To, kurman da ba ya aiki da murya, da me yake bambance bayani da tambaya? Bayan William Stokoe ya nuna a 1960 cewa maganar kuramen Amurka harshe ne mai tsarin kansa, hankalin manazarta ya fi karkata ga hannu: siffarsa, wurinsa da motsinsa. Aikin Scott Liddell na 1980 na cikin waɗanda suka tabbatar da cewa galibi a fuska da kai ake gane nau'in jumla.

A wannan harshe, in amsar da ake nema "e" ko "a'a" ce, sai a ɗaga gira, a ɗan turo kai gaba. In tambayar "wa" ko "me" ko "ina" ce, haɗe gira ake yi. Girgiza kai ita kaɗai ta isa ta kore jumla.

Wani zai ce ai wannan nuna mamaki ne ko ɓacin rai, ba nahawu ba. Hujjar ba ta da ƙarfi. Fushi yana zuwa ya tafi yadda ya ga dama, amma girar nahawu tana da iyaka: a jumlar sharaɗi takan tashi da farkon sashen "idan", ta sauka daidai inda ya ƙare. Judy Reilly da Ursula Bellugi ma sun lura cewa iyaye mata kurame sukan guji haɗe gira in suna tambayar 'ya'yansu 'yan ƙasa da shekara 2, gudun kada yaro ya ɗauka faɗa ne. Ashe su kansu sun san aiki biyu fuskar take yi.

Sai dai ƙa'idar ba ɗaya ba ce ko'ina. Kuramen Turkiyya, alal misali, kai suke ɗagawa baya wajen korewa. Wannan ya shafe mu, domin harshen da Andrew Foster ya kawo Ibadan a 1960, wanda makarantu suka gada, tushensa na Amurka ne, alhali kuramen ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannu, wadda Constanze Schmaling ta nazarta a Kano ta wallafa a 2000. Kuskure ne a ɗora mata nahawun Amurka kai tsaye. Mai son sanin yadda take gina tambaya da umarni da korewa sai ya ɗauki hirar kurame a bidiyo, kuma kyamarar ta kama fuska, ba hannu kaɗai ba.