Hawan duwatsun Skotland a ƙarshen hunturu

A ƙarshen watan Fabrairu da cikin watan Maris, lokacin da sanyi ya fara sassautawa a Birtaniya, jama'a da dama kan nufi tsaunukan arewacin Skotland domin su hau su da ƙafa.

A irin wannan lokaci rana kan ƙara tsawo, dusar ƙanƙara kan narke a cikin kwari, har mutum ya ɗauka hunturu ya wuce. To amma a bisa duwatsun lamarin ba haka yake ba, kuma wannan bambanci tsakanin ƙasa da sama shi ne yakan jefa mahaya cikin haɗari.

Duwatsun da ake hawa

Dutse mafi tsawo a Skotland, kuma a Birtaniya baki ɗaya, shi ne Ben Nevis da ke kusa da garin Fort William, wanda tsawonsa ya kai mita 1,345. Mai bi masa shi ne Ben Macdui, mai mita 1,309, a jerin tsaunukan Cairngorms.

A shekarar 1891 Sir Hugh Munro ya wallafa jerin sunayen duwatsun ƙasar da tsawonsu ya haura ƙafa 3,000, wato kimanin mita 914. Tun daga lokacin ake kiransu da sunansa, kuma a yanzu duwatsu 282 ne ke cikin jerin.

Hawa dukkansu ya zama wani buri da wasu kan shafe shekaru suna ƙoƙarin cikawa. Wani limamin coci, A. E. Robertson, shi ne aka ɗauka a matsayin wanda ya fara kammala su a 1901. Shi kuwa Munro ya mutu a 1919 bai kai ga kammalawa ba.

Wata doka da majalisar Skotland ta zartar a 2003 ta bai wa kowa damar ratsa galibin filaye da duwatsun ƙasar, muddin zai kiyaye haƙƙin masu su.

Me ya sa ake ganin haɗarinsu?

In aka kwatanta su da tsaunukan Alps, inda Mont Blanc ya haura mita 4,800, duwatsun Skotland ƙanana ne. Sai dai suna can arewa sosai, kuma su ne iskar tekun Atlantika kan fara karo da su.

Bisa ƙiyasin masana yanayi, a duk mita 1,000 da aka hau, zafi kan ragu da kimanin digiri shida da rabi a ma'aunin Selshiyas. Ke nan idan ma'auni ya nuna digiri takwas a Fort William, a ƙololuwar Ben Nevis ruwa na iya daskarewa, tun ma ba a yi maganar iska ba.

Iskar kuwa ba ta wasa ba ce. A ranar 20 ga watan Maris na 1986, na'urar da ke bisa dutsen Cairn Gorm ta auna iska mai gudun kilomita 278 cikin sa'a guda, mafi ƙarfi da aka taɓa aunawa a hukumance a Birtaniya.

Akwai kuma hazo. Idan ya sauka a kan dusar ƙanƙara, sama da ƙasa kan zama fari fat, har mutum ya kasa gane inda dutse ya ƙare. A Ben Nevis hanyar kan ratsa kusa da bakin wani gangare mai zurfin kimanin mita 600.

Ranar da sanyi ya sassauta

Sassautawar sanyi na da nata matsalolin. Dusar da ta narke da rana kan sake daskarewa da dare, ta zama ƙanƙara mai tauri da santsi, wadda takalmi ba ya kamawa.

Haka nan iska kan tara dusa a bakin dutse har ta turo waje kamar rumfa, alhali babu komai a ƙarƙashinta. Da yanayi ya yi ɗumi sai ta yi laushi, tana iya ruftawa da wanda ya taka ta, ko ta faɗa kan waɗanda ke ƙasa.

Ɗumi da ruwan sama kan ƙara wa dusar nauyi, ta zaftaro daga gangare. Rafukan da aka tsallake da safe kuma kan cika da yamma, su tare hanyar komowa.

Watan Maris ya sha cin rayuka. A ranar 12 ga watan, a 2019, mahaya uku suka mutu sakamakon zaftarewar dusar ƙanƙara a wani kwazazzabo na Ben Nevis.

Shirin da ake bukata

Masu aikin ceto kan shawarci duk mai niyyar hawa ya tafi da gatarin ƙanƙara, da ƙarafa masu tsini da ake ɗaurawa a tafin takalmi, sannan ya koyi amfani da su tun kafin ya tashi.

Sauran kayan sun haɗa da taswira da kamfas, da tocila, da tufafin da ruwa ba ya ratsawa, da isasshen guzuri. Ba a so a dogara ga wayar salula kaɗai, domin sanyi kan cinye batir da wuri.

Hukumar SAIS, wadda ta fara aiki a 1988, kan fitar da hasashen zaftarewar dusa kowace rana, daga tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Afrilu, a yankuna shida da suka haɗa da Lochaber da Glencoe da Torridon.

Ana kuma so mutum ya sanar da wani hanyar da zai bi da lokacin da zai dawo. Zuwa da komowa ta babbar hanyar Ben Nevis kan ɗauki sa'o'i bakwai zuwa tara, saboda haka sammako wajibi ne.

Idan an shiga matsala

Wanda ya maƙale kan buga lamba 999, ya nemi 'yan sanda, su kuma su kira ayarin ceto. Galibin 'yan ayarin masu aikin sa-kai ne, ba a biyansu albashi, kuma ba sa karɓar ko kwabo daga wanda suka ceto. A wasu lokuta jirage masu saukar ungulu na masu gadin teku kan taimaka, amma hazo da iska kan hana su tashi, sai a shafe sa'o'i ana tafiya da ƙafa.

Shi ya sa ƙwararrun mahaya kan nanata cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne. Duk wanda ya ga yanayi ya juya, ko da ƙololuwa na gabansa, abin da ya fi masa shi ne ya koma da baya.