Tufafin Hafsoshin Jamus na Kamaru: Yadda Ake Rarrabe na Ainihi da na Jabu

A ran 10 ga Yuni 1915 Jamusawan da ke tsare da Garwa suka miƙa wuya ga rundunar Ingila da ta Faransa. A watan Fabrairu 1916 kuma Kyaftin von Raben ya sauko daga dutsen Mora, shi ne na ƙarshe da ya ajiye makami a Kamaru. Sauran sun riga sun ƙetare zuwa ƙasar Gini ta Sifaniya. Mulkin da ya kafu a Fombina tun sa'ad da Hans Dominik ya kori Lamiɗo Zubairu a Marwa cikin Janairu 1902 ya ƙare ke nan. Abin da ya rage na wannan runduna, wadda suke kira Schutztruppe, watau rundunar tsaro, bai wuce hotuna da takardu da 'yan tufafi ba. Tufafin nan su ne masu tara kayan tarihi ke nema da kuɗi mai yawa, kuma inda kuɗi ya yi yawa ba a rasa mai jabu.

Dalilin tsadarsu ƙarancinsu ne. Da yaƙi ya tashi a 1914 Jamusawan rundunar Kamaru wajen 200 ne kurum, sojan baƙar fata kuwa sun haura 1,500. Gara da asu da damina sun ci rabonsu. Saboda haka duk wanda aka kawo wa kwat aka ce ta hafsan Kamaru ce, ya kamata ya fara da shakka.

Abin da za a fara dubawa shi ne launi, gama dokar tufafi ta 1896 ta ba kowace ƙasa nata. Kamaru ja, Afirka ta Gabas fari, Afirka ta Kudu maso Yamma shuɗi. Ana ganin wannan a wuya da bakin hannun kwat ta ulu mai ruwan toka wadda hafsa ke sawa in ya koma gida, da kuma a gefen malafarsa, wadda ake naɗe ɓarinta na dama a maƙale da alama mai baƙi da fari da ja. Amma fa a nan ne mai jabu ya kan faɗa rami. Kwat ta kaki da fara, waɗanda ake sawa a ƙasar zafi, shuɗin zare ne a bakinsu a dukan ƙasashen uku. Wanda ya ji an ce ja ne launin Kamaru, ya je ya ɗinka wa kaki jan baki, ya tona wa kansa asiri da hannunsa.

Maɓallan farin ƙarfe ne, a kansu akwai kambin Sarkin Jamus, wanda siffarsa dabam take da kambin sarautar Furushiya da ake gani a tufafin sojan ƙasa, domin rundunar ta daula ce, ba ta wata jiha ba. Igiyar kafaɗa ta azurfa ce da ɗigon baƙi da ja. Ƙaramin laftana ba shi da tauraro, babban laftana ɗaya, kyaftin biyu. Sai dai maɓalli da igiya shaida ce mai rauni, don ana iya ciro su daga tsumma na gaske a dasa a sabuwar kwat. A juya rigar a duba ta ciki: in akwai tsofaffin hudojin allura da ba su dace da ɗinkin yanzu ba, ko kuwa yadin da ke ƙarƙashin igiyar ya koɗe daidai da sauran jiki, to an dasa ta ne daga baya.

Hafsan Jamus da kuɗinsa yake ɗinka tufafinsa. Da yawa sun saya a kantin Tippelskirch na Balin, wanda ya riƙe kwangilar rundunar har abin kunya na 1906 ya karɓe ta daga hannunsa. Tela ya kan liƙa 'yar takarda ko ƙyalle a cikin aljihu, da sunan mai riga da ranar ɗinki. Wannan ita ce shaida mafi daraja, don ana iya gwada sunan da jerin hafsoshin da hukuma ke bugawa kowace shekara, a ga ko muƙamin da ke kafaɗa ya dace da na mutumin. Ita ce kuma aka fi yi wa jabu.

Zare ba ya ƙarya. An ƙago nailan a 1935, foliyesta kuwa a 1941. In aka ƙona ɗan sili, ulu ya kan yi ƙaurin gashi, auduga ta zama toka, zaren roba kuwa ya narke ya dunƙule. Farin yadi na bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya kan yi ƙyalli ƙarƙashin fitilar nan mai shuɗin haske, saboda maganin haskakawa da ake zuba masa. Amma sabulun zamani ma ya kan bar wannan magani a tsohon yadi, don haka ƙyalli kaɗai bai isa hukunci ba.

Akwai wani kashi da ya fi jabu wuyar sha'ani, watau tufafin da suka tsufa da gaske amma ba su taɓa ganin Binuwai ba. Bayan an rushe rundunar a 1919, ƙungiyoyin tsofaffin sojan mulkin mallaka sun ci gaba da ɗinka kaki da malafa don fareti, masu shirya majigi kuma suka ɗinka nasu, kamar na fim ɗin Carl Peters na 1941. Waɗannan za su tsallake gwajin wuta da na fitila lafiya lau. Lambar nan mai hoton giwa ma sai bayan yaƙi aka fito da ita, saboda haka madaukinta a ƙirjin riga yana nuna an sa rigar bayan an bar Afirka, ko da an ɗinka ta kafin nan.

Faci kuwa ba aibi ba ne. Tun da Duwala ta faɗi cikin Satumba 1914 hanyar teku ta toshe, kaya suka daina zuwa daga Jamus. Rigar da ta yi wata goma sha takwas a dutsen Mora ba za ta fito da maɓallanta cif ba, kuma facin saƙi a gwiwar hannunta ya fi ƙarfafa zuciyar mai bincike bisa ga sabunta.