Daga "Allah Ya Ƙara" Zuwa "Wa Ya Nuna Gidan?"

A 'Yargoje da ƙauyukan da ke kewaye da ita, tun daga Ƙanƙara har Faskari da Sabuwa, masu jin littafi sun fi masu karanta shi yawa, kuma haka abin yake tun zuwan boko. A da, mutum ɗaya ke riƙe littafi kusa da fitilar ƙwai bayan sallar isha'i, sauran su kewaye shi a kan tabarma. Don haka ra'ayin mai karatu a wurinmu ba a rubuce yake ba, a baki yake: tsaki, salati, ƙyaƙyata dariya, "Allah ya ƙara," ko "kai, maimaita mana wurin nan." Ni ake miƙa wa littafi a zauren gidanmu tun ina ɗan makaranta, daga baya kuma na ƙare aikina ina koyar da Hausa a firamare a wannan yanki. Abin da zan kawo tarihin waɗannan kunnuwa ne, musamman yadda suke karɓar labarin da ya haɗa kisa da ban dariya.

Mafarin abin Zariya ne. A 1933 Hukumar Talifi, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta sa gasar ƙaga labari, aka fitar da littattafai biyar da suka zama harsashin ƙagaggen labarin Hausa na boko: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Marubuta biyu na farko wa da ƙane ne, kuma dukansu Katsina ta raine su: Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina lokacin da ya rubuta nasa, Bello kuwa shi ya zama Walin Katsina daga baya. Littattafan ba su iso ƙauye da wuri ba. Sai da Yaƙi da Jahilci ya buɗe azuzuwan manya a shekarun 1950 suka fara shiga aljihun magidanta, tare da Magana Jari Ce da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Wanda ya ɗauka iyayenmu labarin ladabi kawai suke so bai zauna da su ba. Ganɗoki sara ne da suka da kirari tun daga farko har ƙarshe. A Ruwan Bagaja, muguntar da Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke ƙulla wa juna, mai jawo duka da ɗauri da tozarci, ita ce gishirin littafin, ita ake jira. Na ga dattijo mai furfura yana share hawayen dariya saboda an lakaɗa wa Zurƙe duka. A Magana Jari Ce kuwa, dubi Kalala da Kalalatu: mace ta cinye kajin baƙo, ta rasa mafita, sai ta tsorata baƙon da wuƙar da mijinta ke wasawa, ga baƙo yana gudun ceton rai, ga maigida biye da shi da wuƙa a hannu. In ka cire wuƙar nan, babu abin dariya a labarin. Kawuna, wanda bai san ko bihim a boko ba, kan ce mini, "Ɗan nan, koma wurin wuƙar," kuma duk komawa sai ya yi dariya kamar bai taɓa ji ba.

Jiki Magayi ne ya fara kawo mana kisan kai na gaske, irin wanda ke sa zaure ya yi tsit. Attajiri Malam Shehu ya ƙwace wa Abubakar budurwarsa Zainabu da ƙarfin dukiya, Abubakar ya bi duniya neman asirin ramuwa, ɗan da aka haifa, Kyauta, ya tashi ɓarawo, har ya kashe ubansa da hannunsa. To amma a lura da yadda aka gina shi. Marubutan Ingila irin su Agatha Christie ɓoye mai kisan suke yi, su bar mai karatu yana lalube har shafin ƙarshe. Namu marubutan ba su ɓoye komai. Kowa a zaure ya san wanda ya yi, ya san dalili. Abin da ke hana mutane tashi su kwanta shi ne su ji ta inda alhaki zai biyo. Sunayen littattafan ma kan faɗi ƙarshen tun daga bango: Jiki Magayi, Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. Bahaushen wancan zamani bai nemi ɗan sandan ciki a littafi ba, domin a garin da kowa ya san kowa, gano mai laifi ba shi ne wahala ba. Sakayya yake jira, kuma ya tabbata za ta zo. Wannan tabbacin shi ya ba shi damar yin dariya.

Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika ƙauyukanmu da yara masu iya karatu, waɗanda suka wuce sakandare kuma suka dawo hutu da littattafan James Hadley Chase a cikin akwati. Ana cikin haka, a 1982, aka buga littattafan da suka yi nasara a gasar da Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya. Cikinsu akwai Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, mai tona asirin fasa-ƙwauri da cin hanci, da kuma Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, shi ma Bakatsine. Wannan na biyun ban taɓa karanta littafin da ya raba kan zaurenmu kamarsa ba.

Labarin Mailoma ne, Bamaguje daga ƙauye, wanda guguwar yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ta bi ta kansa, ya zama uban 'yan ta'adda mai yara da bindigogi da harkar ƙwaya, wanda kashe rai bai dame shi ba. Ga kauri, ga baƙar magana, ga gatse mai sa ka yi dariya sannan ka ji kunyar dariyar. Abin da ya sa ya taɓa mu fiye da mutanen birni shi ne ƙasar da yake zanawa tamu ce. Maguzawa maƙwabtanmu ne a ƙasar Ƙanƙara da Malumfashi, da su muke cin kasuwa, mun san gandayensu da rumbunansu. Tsofaffin sojan da suka dawo daga yaƙi su ma mun san su, wasu sun koma gona lafiya lau, wasu sun dawo da abin da ba su tafi da shi ba.

Samari suka haukace a kan littafin. Aro ake yi ana bin layi, har bangonsa ya cire aka ɗinke shi da zare. Yaro in ya cika taurin kai sai abokansa su laƙaba masa Mailoma, shi kuwa yana jin daɗi. Dattawa suka kasu biyu. Wasu suka ce wannan koya wa yara ta'addanci ne, a daina karanta shi inda mata da ƙanana ke ji. Wasu suka ce a bari a kai ƙarshe tukuna, ai sunan littafin ya riga ya yi alkawari. Wani maƙwabcinmu da ya fito daga gidan Maguzawa ya saurara dare biyu, na uku ya ce mini, "Malam, mutanenmu noma suka sani, ba wannan ba," bai ƙara zuwa ba. Mahaifiyata kuwa, da ke ji daga bayan danga, tambaya ɗaya take yi mini kowace safiya: "Har yanzu Allah bai kama shi ba?" Da aka kai inda ya gamu da ajalinsa, zauren ya ɗauki "Allah ya ƙara" baki ɗaya, har waɗanda ke yi masa kirari jiya. Babu wanda ya kawo a ransa cewa labarin zai iya sauka daga takarda. Dajin da ke yamma da mu, wajen iyakar Zamfara ta yau, a wancan lokacin wurin kiwo ne da itace da farauta.

Daga tsakiyar shekarun 1980 kasuwar littafi ta koma Kano. 'Yan tireda da shagunan haya a Funtuwa da Malumfashi suka cika da ƙananan littattafan soyayya, da na yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, rediyon Kaduna kuma na karanta wasu a shirin Shafa Labari Shuni. Mata a cikin gida suka zama su ne manyan masu karatu. Muhawarar da ta biyo baya akwai 'yan yankinmu a tsakiyarta: Ibrahim Malumfashi ya raɗa wa wannan rubutu suna Adabin Kasuwar Kano yana sukar ingancinsa, Abdalla Uba Adamu ya tsaya wa rubutun, Ibrahim Sheme, ɗan ƙasar Faskari, ya buɗe musu fili a shafin adabi na jaridar New Nigerian ta ƙarshen mako. A 2007 har ƙona littattafai aka yi a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Amma duk ƙurar nan a kan soyayya da tarbiyyar 'yan mata ta tashi. Kawunan da ake fillewa a littattafan yaƙi ba su hana kowa barci ba.

Abin da ya sauya kunnuwan mutanenmu ba daga littafi ya fito ba. Satar shanu ta zama garkuwa da mutane, garkuwa ta zama ƙone gari. Ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara. A Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. A Yuni 2024 'yan bindiga suka afka wa 'Yargoje da dare, aka yi jana'izar gomman mutane. Zaman zaure bayan isha'i ya mutu a wurare da yawa, domin haske da taro duk kiran masifa ne. Yanzu littafi a waya ake jin sa, an ɗauko daga YouTube an tura wa juna, kowa da abin sauraro a kunne.

Na lura da masu saurare na yau sun kasu. Akwai waɗanda da an ambaci bindiga a labari suke kashe wayar, galibi matan da aka kashe wa miji ko ɗa, kuma ba mai ganin laifinsu. Akwai samarin da ke jin irin su Ƙarshen Alewa Ƙasa suna gyara wa marubuci: ba haka ƙarar bindigar nan take ba, ba haka mutum ke faɗuwa ba. Wannan ilimi ne da na so a ce ba su da shi. Dariyar kuma ba ta mutu ba, wuri ta sauya. A majalisa za ka ji wanda ya kwana a gonar dawa yana ba da labarin yadda ya tsere ya bar takalmi da hula, ana ta dariya har da shi. Amma baƙo bai isa ya yi wannan barkwancin ba, marubucin da ke zaune a birni ma haka. Wanda ya yi gudun shi ke da izinin mai da shi abin dariya.

Babban sauyin shi ne tambayar da ake yi. Wanda ya harba ba ɓoyayye ba ne, sau da yawa an san sunan ubangidansa da dajin da yake. Abin da ke cin ran mutane shi ne: wa ya nuna gidan? Wa ya gaya musu an sayar da hatsi ranar kasuwa? Wa ke kai musu mai da burodi da katin waya? Ta wace hanya bindigar ta shigo? Tambayar mai bincike ke nan, wadda iyayenmu ba su buƙata ba, yau ta zama ta kowa. Sakayyar da mahaifiyata ke jira da tabbaci kuwa, matasa sun ga an yi sulhu da wanda ya yi kisa ya koma gida, don haka littafin da ya ƙare da "alhaki ya kama shi" kawai ba ya gamsar da su.

Shi ya sa nake ganin lokacin littafin bincike na gaske a Hausa yanzu ya yi, kuma daga irin ƙasarmu ya kamata ya fito. Ba don nishaɗi kaɗai ba. Kalmar "infoma" da ake laƙaba wa wanda ake zargi da nuna gida ta zama wuƙa a bakin mutane, zargi kawai ya isa a rasa rai, wani lokaci kuwa tsohuwar gaba ce ta gona ko ta aure ake fakewa da ita. Labarin da zai sa mai sauraro ya zargi mutumin da bai ji ba bai gani ba har tsawon shafi ɗari, sannan hujja ta wanke shi, zai koyar da abin da tsofaffin littattafanmu ba su koyar ba: a bi sawu, a nemi shaida, a yi haƙuri kafin a yanke hukunci. Marubutanmu sun daɗe da ƙwarewa wajen hukunta mugu. Saura su koya mana yadda ake tabbatar da cewa shi ne.