Yadda Sage Ta Yi Rassa

Wanda ya taɓa zama a zauren malamai a Tambuwal, garin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya yi zaman ribaɗi, ya san halin littafin da ake kwafa da hannu. Almajirai uku su kwafi uwa ɗaya, shekara na zagayowa sai ka tarar da littattafai uku: wannan ya tsallake layi, wancan ya yi gyara a gefen shafi, na ukun ya cusa gyaran cikin matani. Shi ya sa ake muƙabala, ɗaya na karantawa ɗaya na bin sa da ido. Wannan tsohuwar matsala ce ta sha kan Sage, manhajar lissafi da ɗaruruwan mutane suka sa wa hannu.

William Stein, masanin nazarin lambobi, shi ya fitar da Sage ranar 24 ga Fabrairu, 2005, lokacin yana Jami'ar Harvard a Amurka. Kafin nan ya daɗe yana aiki da Magma, manhajar Jami'ar Sidini ta Ostareliya. Aikinta na da kyau, sai dai da kuɗi ake samunta, kuma cikinta a rufe yake. Ga mai lissafi wannan babban aibi ne, domin sana'arsa ta hana shi karɓar amsa sai ya ga hujja. Stein ya ƙuduri samar da madadin Magma da Maple da Mathematica da MATLAB, wanda kowa zai ɗauka kyauta, ya leƙa cikinsa, ya gyara. Dabararsa ita ce tattara manhajojin kyauta da ke akwai, irin su PARI da GAP da Maxima da Singular, ya ɗinke su da harshen Python. A 2006 aka fara tarukan aiki da ake kira Sage Days, shi kuma ya koma Jami'ar Washintan da ke Siyatil. A 2007 Sage ta ci kyautar farko a fannin manhajojin kimiyya a wata gasar manhajojin kyauta ta Faransa.

Hannu da yawa maganin ƙazamar miya, in ji Bahaushe, amma hannun da ba shi da tsari kifar da tukunya yake yi. Shekaru da dama Sage na ajiye tarihin rubutunta da Mercurial. Mai gyara zai buɗe tikiti a Trac, rajistar da ake rubuta kurakurai da buƙatu, ya manna ɗan fayil mai ɗauke da layukan da ya canja, wato faci. Wani ya duba, in ya gamsu ya sa hannu, sannan mai kula da fitarwa ya haɗa facin da uwar. Da jama'a suka yi yawa sai tsarin ya fara gajiya. Tikiti ɗaya kan tara faci biyar ko shida, sai an yi bayanin wanda za a fara mannawa. Facin da ya yi watanni yana jiran mai dubawa yakan lalace a zaune, don uwar ta ci gaba ta bar shi, layin da aka yanka shi domin ya rufe ya riga ya canja. Ga kuma rumbunan ajiyar a warwatse, ɗakin karatun manhajar daban, kayan gini daban.

A Disamba 2013, da fitowar Sage 6.0, aka bar Mercurial aka koma Git, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005 domin aikin Linux. Aka haɗe rumbunan suka zama ɗaya, kowane tikiti ya samu reshensa. Reshe layin aiki ne da ke tsagewa daga wani mataki na tarihin uwar. Mai shi ya yi ta gyara a kai, kowane mataki da sunansa da ranarsa, uwar na nan ba a taɓa ta ba. Idan ta ci gaba sai ya janyo sabon ya haɗa da nasa, inda rubutu biyu suka yi karo a layi ɗaya Git ya nuna masa wurin ya raba gardama. Manyan rassa biyu aka tsayar: master mai riƙe da fitowa ta ƙarshe da aka amince da ita, da develop inda fitowar gwaji ke taruwa, kuma daga gare shi kowa ke tsaga reshensa. Tsarin ya yi kusa da wanda Vincent Driessen ya bayyana a 2010. Volker Braun ne ya karɓi aikin fitarwa daga wannan lokacin.

A ganina sauyin ya yi nasara ne saboda an bar muƙabala inda take. Har yanzu reshe ba ya shiga sai wani mutum daban ya karanta shi ya amince. Kuma akwai wata al'ada ta Sage da ke burge ni: ana so kowane aiki a rubuta masa misalai a cikin bayaninsa, tambaya da amsarta, na'ura kuma ta bi misalan nan tana gwadawa. In gyaranka a fannin aljabra ya canja amsa a wani fannin da ba ka ma leƙa ba, asirinka ya tonu tun kafin a haɗa. Kuɗin da aka biya shi ne wahalar koyo. Farfesan da ya ƙware a lissafi dole ya koma ɗalibi a gaban umarnin Git, wanda ba ya lallashin baƙo.

Kuɗi kuwa bai taɓa wadata ba, galibin aikin na sa kai ne. Wani tallafi mai tsoka da aikin ya ci moriya shi ne shirin OpenDreamKit na Tarayyar Turai, daga 2015 zuwa 2019. A Fabrairu 2023, bayan muhawara da ƙuri'a, aka rufe Trac aka kwashe tikiti sama da 30,000 zuwa dandalin GitHub, rassan nan biyu na nan yadda suke.

Taron Sage Days ya zo Najeriya a 2019, a Jami'ar Ibadan. Ɗalibin lissafi ɗan Kebbe da ke karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na da ikon tsaga reshe daga develop a daren yau, ba sai ya nemi izinin kowa ba. Git na aiki ko babu intanet, sai lokacin saukewa da turawa kawai zai nemi data. Ginin manhajar daga tushe kuwa yakan ɗauki sa'o'i, don haka gara ya fara da batir cike, ko ya samu wurin mai sola.