Yadda ake gano matsalar birki da na'urar hana santsin taya a mota

Motoci da yawa da ke kan titunan Najeriya a yau suna ɗauke da na'urori biyu masu taimaka wa birki. Ta farko ita ce ABS, wadda ke hana taya ƙamewa idan direba ya taka birki da ƙarfi, domin ya ci gaba da iya juya sitiyari. Kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz na ƙasar Jamus sun fitar da tasu kasuwa a shekarar 1978. Ta biyu ita ce na'urar hana santsi, wadda ke rage ƙarfin inji ko ta kama tayar da ke juyawa a banza cikin laka ko a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Toyota na kiran tata TRAC, kuma takan zo tare da na'urar daidaita mota a kwana mai suna VSC, wadda a motocin Honda ake kira VSA.

Dukkansu sun dogara ne da ƙananan na'urorin auna gudun taya, waɗanda makanikai ke kira sansa, guda ɗaya a kowace ƙafa a akasarin motoci. Shi ya sa idan sansa ɗaya ta lalace, fitilu biyu ko uku kan kunnu lokaci guda a allon gaban direba.

Ma'anar fitilun

Idan aka murɗa makulli, fitilun gargaɗi kan kunnu na 'yan daƙiƙoƙi sannan su mutu. Wannan gwaji ne da motar ke yi wa kanta. Fitilar da ba ta kunnu ba sam abin zargi ce, musamman a motocin hannu da ake shigowa da su, domin akwai masu cire ƙwan fitilar don ɓoye matsala.

Fitilar ABS ruwan ɗorawa ce. Idan ta tsaya a kunne, birki na nan yana aiki, sai dai taya na iya ƙamewa a lokacin birkin gaggawa. Jar fitila kuwa tana nufin ko dai birkin hannu bai sauka ba, ko kuma man birki ya yi ƙasa. Idan ja da ruwan ɗorawa suka kunnu tare, wajibi ne a tsayar da mota a wuri mai aminci, domin tayoyin baya na iya ƙamewa motar ta juya. Ita kuma fitilar hana santsi, idan tana ƙiftawa a wuri mai santsi, aikinta take yi. Tsayawarta a kunne ne ke nuna matsala, ko kuma an danna maɓallin kashe ta.

Matakan bincike

Ana farawa ne daga abin da ya fi sauƙi. Da farko a duba man birki. Raguwarsa a hankali alama ce ta cinyewar takalman birki, waɗanda ake sauyawa idan kaurinsu ya sauko zuwa kimanin milimita 3. Raguwa cikin sauri kuwa yoyo ne, kuma ƙara mai ba ya maganinsa.

Na biyu, a auna batir. Lafiyayyen batir kan nuna kimanin bolt 12.6 idan inji na kashe, da kimanin 14 idan yana aiki. Raunin wuta kaɗai kan sa kwamfutar birki ta kunna fitila. Daga nan a duba fiyus da makunnin fitilar birki da ke bayan abin takawa.

Na uku, a jona na'urar bincike a soket mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda ya zama dole a motocin da ake sayarwa a Amurka tun daga 1996. Lambobin matsalar birki galibi suna farawa da harafin C, na inji kuma da P. Yawancin na'urori masu araha na inji kawai suke karantawa, don haka suna iya cewa babu komai alhali akwai. Lambar tana nuna sashen da za a bincika ne kawai. Hanya mafi inganci ita ce a tuƙa motar a hankali ana kallon gudun tayoyi huɗu a na'urar. Wadda ta bambanta da sauran, nan matsalar take. Sau da yawa sansar lafiyarta ƙalau, waya ce ta tsinke, ko laka da ɓurɓushin ƙarfe suka rufe bakinta, ko boris ya yi sako-sako.

Tayoyi masu girma daban-daban ma kan rikita na'urar. Haka nan bayan an gyara saitin ƙafa, sansar sitiyari kan buƙaci sabon saiti. A motocin Toyota da dama, matsalar inji kan kunna fitilun TRAC da VSC tare, kuma sukan mutu da zarar an gyara injin. Famfon ABS, wanda shi ne mafi tsada, shi ya kamata a zarga daga ƙarshe.

Abin da ƙafa ke ji

Karkarwar abin takawa a birkin gaggawa alama ce ta ABS na aiki, kuma ba a ɗaga ƙafa. Karkarwa a birki na yau da kullum kan fito ne daga faifan birki da ya lanƙwashe. Idan birki ya yi laushi, iska ce ta shiga ko man ya tsufa. Man birki na tsotsar damshi: sabon DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230 a ma'aunin Salshiyas, amma idan ya sha ruwa yakan sauko zuwa kimanin 155. Wannan ne dalilin da kamfanoni da yawa ke ba da shawarar sauya shi duk bayan shekara biyu.

Goge lambar matsala na iya kashe fitila, amma motar za ta rasa kariyar da take buƙata a ranar da direba zai taka birki a kan jiƙaƙƙen titi lokacin damina. Bayan kowane gyara, a gwada motar a fili marar cunkoso, a tabbatar fitilun sun mutu da kansu kafin a hau babbar hanya.