Kyandir a gonar inabi: tarihin garin Chablis da sanyinsa

Jama'a, duk shekara idan watan Afrilu ya kama, sai hotunan nan su dawo yawo a Facebook: gonaki a Faransa cikin dare, an jera kyandirori dubbai kamar ana biki. Wani abokin aikina ya tura min yana tambaya ko wani addini ne. Ba addini ba ne, manoma ne ke faɗa da sanyi. Kafin wani ya taso min a ƙasa, ni ba mashayi ba ne, ba kuma tallar giya nake ba. Tarihin noma ne ya ja ni.

Chablis, ana furta shi Shabli, ƙaramin gari ne a arewacin yankin Burgundy, kimanin kilomita 180 kudu maso gabas da Faris, a bakin wani ɗan kogi mai suna Serein. Inabi iri ɗaya tak ake yin giyarsu da shi, farin inabin Chardonnay. Wannan inabin ba ya zaɓen ƙasa, ana noma shi a Kalifoniya da Ostireliya da Afirka ta Kudu. Sai dai inda ake zafi yakan nuna da wuri, ya cika zaƙi. A Chablis kuwa sanyi ke jan masa linzami, ya nuna a hankali, ya riƙe tsaminsa, kuma wannan tsamin ne masu saye ke biyan kuɗi a kai. Ƙasar ma daban take: farar ƙasa ce gauraye da laka, cike da ɓawon ƙananan halittun ruwa, don shekaru miliyan 150 da suka wuce wurin teku ne.

'Yan zuhudun Kirista na Pontigny, waɗanda aka kafa gidansu a 1114, su suka bunƙasa noman. Abin da ya ba yankin arziki kuwa ruwa ne. Ana loda ganguna a kogin Yonne, su gangara kogin Seine, sai Faris. Lokacin da babu hanyar kirki, wanda ke da kogi shi ke da kasuwa. A ƙarni na 19 gonakin inabin lardin Yonne sun kai wajen hekta 40,000.

Daga nan sai masifa ta riƙa bin masifa. A 1856 layin dogo ya haɗa Faris da Marseille, giyar kudu mai araha ta cika birnin, kogin ya tashi daga aiki. Sai ga wani ƙwaro mai suna filoksera da ya shigo daga Amurka, yana cin saiwar inabi har itacen ya mutu. Maganin da aka samu a ƙarshe shi ne aure, irin yadda ake wa mangwaro: a ɗora reshen inabin Faransa a kan saiwar inabin Amurka mai jure ƙwaron. Amma sake dasa gona kuɗi ne, yawancin ƙananan manoma ba su da shi. Yaƙin duniya na farko ya kwashe samari, birni ya kwashe sauran. Zuwa shekarun 1950 abin da ya rage a Chablis bai wuce hekta 500 ba, kuma a 1957 sanyi ya ƙone kusan duk amfanin shekarar.

To me ya tashe su? A ganina abu biyu ne, kuma na farkon takarda ce. A 1938 gwamnati ta yi doka ta shata iyaka: ba mai kiran giyarsa Chablis sai an noma inabin a wannan ƙasar, da wannan irin. Mu da muke aikin ofis mun san yadda ake raina takarda, amma wannan ta mai da sunan gari dukiya. Ku tuna fatar jar akuyar Sakkwato da aka daɗe ana sayarwa a Turai da sunan fatar Maroko. Su ma ba su tsira gaba ɗaya ba, don a Amurka an shekara da shekaru ana manna sunan Chablis a kan giya mai araha da ba ta taɓa ganin Faransa ba, yarjejeniyar 2006 ma sababbin masu yi kawai ta hana. A cikin gida kuma an sha rigima kan faɗaɗa iyakar, masu tsohuwar ƙasa na cewa za a zubar da mutuncin sunan, masu son faɗaɗawa na cewa ƙyashi ne. Masu faɗaɗawar suka yi nasara a 1978.

Na biyu shi ne dabarar yaƙi da sanyi, daga wajen 1960. Aka fara jera murhunan mai a tsakanin kunyoyi. Sai kuma wadda ta fi ba ni mamaki: a yi ta yayyafa wa tohon ruwa duk dare har ya daskare a kansa. Ka ji fa, ƙanƙara ce ke kare shi daga sanyi, saboda ruwa idan yana daskarewa yakan saki ɗan ɗumi, tohon ya tsaya a ma'aunin sifili. Amma idan injin ya tsaya a tsakiyar dare, an yi asara. Yau gonakin sun haura hekta 5,000, mafi tsadarsu wasu filaye bakwai ne a gangare guda da ke kallon garin, dukansu wajen hekta 100.

Yanzu kuma ɗumamar yanayi ta zo da sabon salo. Mutum zai ɗauka taimakonsu za ta yi, ina! Zafi kan zo da wuri a Maris, itacen ya ruɗu ya yi toho, sai sanyin Afrilu ya sauko ya same shi tsirara. Haka aka yi a 2021, har ministan noma na lokacin, Julien Denormandie, ya kwatanta ɓarnar da mafi muni da noman ƙasar ya gani a farkon wannan ƙarnin. Idan kuma bazara ta yi zafi da yawa, tsamin da ake taƙama da shi ya ragu. Shi ya sa wasu suka fara duban arewa. Tun 2015 kamfanin Taittinger na yankin Champagne ya sayi fili a Kent, kudancin Ingila, ya dasa Chardonnay a ƙasar da a da Faransawa ke wa dariya idan an yi zancen inabi.