Manhajar Sauraron Murya da Yara Masu Buƙata ta Musamman a Jalingo

Manhajar da ke mayar da magana rubutu ba fahimtar mai magana take yi ba. Kwatanta muryarsa take yi da dubban sa'o'in muryoyin da aka horar da ita a kansu, sannan ta zaɓi kalmar da ta fi kusa. Saboda haka kafin a damƙa ta ga yaron Jalingo, dole a tambaya: muryoyin su wa ta saurara?

A Oktoban 2024 kamfanin Google ya saka Hausa cikin harsunan Afirka da ake iya rubutu da murya da su a madannin waya na Gboard. Wannan ci gaba ne na gaske ga yaron da bakinsa ke fita sarai amma hannunsa ba ya iya riƙe alƙalami, ko wanda ya san amsa amma baƙaƙe ke rikice masa. Irin wannan yaro zai faɗi jimlarsa, ya ga ta fito, malami kuma ya auna iliminsa maimakon rubutun hannunsa.

Sai dai Hausar Jalingo ba ta Kano ba ce. Harshen kasuwa da unguwa ce tsakanin Mumuye, Fulani, Jukun da sauransu, kuma da yawa daga masu jin ta a matsayin harshe na biyu ba sa bambance ƙ da k, ko jinsin namiji da tamace, kamar yadda Bakano ke yi. Ga shi yawancin muryoyin horarwa na manya ne, alhali muryar yaro ta fi siriri, lafazinsa kuma bai zauna ba. Idan aka ƙara da lalurar ƙwaƙwalwa wadda ke taɓa gaɓoɓi da harshe tun haihuwa, tazarar ta zama uku. Abin da ya fi damuna shi ne, yaron da ya fi kowa buƙatar manhajar shi ne wanda ta fi kasa ji. Google da kansa ya san haka, shi ya sa ya buɗe shirin Euphonia a 2019 don tattara muryoyin masu matsalar furuci, amma da Turanci aka fara.

Hayaniyar aji mai cunkoso, tsadar data da rashin wuta su ma suna nan.

Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su 'yancin ilimi ba tare da wariya ba. Raba kwamfutoci kaɗai ba zai cika wannan alkawari ba. A gwada manhajar da kowane yaro shi kaɗai, a ɗaki mai shiru, malami na gefe yana gyara. Ina kuma kira ga Jami'ar Jihar Taraba da ta fara naɗar muryoyin yaran jihar, da izinin iyayensu, domin a horar da manhajar da Hausar da suke yi.